Shekara 40 tana ɗawainiya da mu, yau tana kwance: me za mu yi wa Inna?

Ɗalibar Inna:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na rubuta ta. Ba zan kama suna ba, don na san ba za ta so ba, kuma duk wanda ya tashi a unguwar nan ya san wadda muke ce wa Inna.

Wata uku ke nan da ta samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi sosai, magana ma da ƙyar take fita. Jiya na je duba ta, na tarar da autarta ita kaɗai a ɗaki tana fama ta juya ta. Da hawaye na fito daga gidan.

Matar nan ta fi shekara 40 tana ɗawainiya da mu. A tsakar gidanta na koyi karatu da rubutu ina da 'ya'ya uku, bayan na gama cire rai, kuma ko sisi ba ta karɓa ba. Mace nawa ta raka asibiti da tsakar dare? Yaro nawa aka koro daga makaranta ta ɗauki mayafi ta bi gida-gida har ta haɗa kuɗinsa? Aure nawa ta ɗinke bayan kowa ya ce ya mutu? Ba mai kuɗi ba ce fa, keken ɗinki ne sana'arta, abin da ya fito daga ciki kuma rabinsa a kan 'ya'yan wasu yake ƙarewa.

Shawarata ita ce mu haɗa mata taron karramawa tun tana raye, a ba ta lambar yabo, sannan mu kafa gidauniya da sunanta. Na ji an ce 5 ga Disamba ce ranar masu aikin sa kai ta duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ta tun 1985. Sai mu yi a ranar. Me kuka gani?

Mai Motar Haya:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Inna lafiya. Ina goyon baya, yabon gwani ya zama dole. Shekara 17 lambata tana wurinta. In waya ta yi ƙara ƙarfe biyun dare na ga ita ce, ba na tambaya, takalmi nake lalube.

Akwai daren da muka ɗauki wata yarinya mai naƙuda, jini na zuba, mijin ba ya gari. Inna ta ɗora kanta a cinya tun daga ƙofar gida har asibiti tana ce mata, "Kalle ni, kar ki rufe ido, kalle ni." Da aka ce ana neman jini ita ta fara miƙa hannu, suka ce shekarunta sun wuce. Sai ta juyo ta dube ni. Ranar na fara ba da jini a rayuwata. Yaron da aka haifa yanzu yana aji biyar, in na gan shi a hanya har yau jikina yakan yi sanyi.

Maƙwabciya:
Allah sarki Inna. Wallahi ban san abin ya kai haka ba, na ɗauka ta ji sauƙi. Ku sa ni a lissafi.

Dattijon Unguwa:
'Yata, niyyarki mai kyau ce, Allah Ya saka miki. Amma ku tsaya ku saurara. Na san matar nan tun kafin a haifi yawancinku. Wata shekara an taɓa kiran ta wani taro za a ba ta takardar yabo, ta aiko cewa tana da uzuri. Uzurin kuwa zaman jinyar wata tsohuwa ce da ba ta da kowa. Ba ta je ta karɓi takardar ba har yau.

Mutumin da ya shekara 40 yana ɓoye hannunsa, ranar da ya kwanta bakinsa ya yi nauyi ba zai iya cewa a'a ba, ba daidai ba ne mu ɗauko shi mu dasa a gaban lasifika. Allah Ya faɗa a Suratul Baƙara, aya ta 271, cewa in kun ɓoye sadaka kuka ba matalauta, wannan ya fi muku alheri. Ita ta zaɓi wanda ya fi. Kada mu ɓata mata cinikinta da Ubangijinta.

Malamin Lissafi:
Baba, a gafarce ni, zan ɗan saɓa. Farkon ayar da kuka kawo cewa ya yi in kun bayyana sadaka to madalla da ita. Kuma ai ba ita ce za ta bayyana ba, mu ne. Riya tana kan wanda ya yi aiki don a gani. Wadda ta gama aikinta a ɓoye, shaidar mutane ba za ta rage mata lada ba.

Abin da ya sa nake ganin amfanin a faɗa shi ne yaranmu. Me suke gani a waya dare da rana? Masu raba kaya da kyamara a gefe. Har sun ɗauka taimako sai mai kuɗi, kuma sai an ɗauki hoto.

Akwai wata mata a Amurka, Oseola McCarty, a garin Hattiesburg na jihar Mississippi. Tana aji shida ta bar makaranta don ta yi jinyar 'yar'uwar mahaifiyarta, ta shiga wanki da guga na mutane, shi ta yi har tsufa. Tana ta ajiye 'yan canjinta a banki ba wanda ya sani. A 1995 ta ba jami'ar garin dala 150,000 don a biya wa 'ya'yan marasa ƙarfi karatu, alhali ita ba ta taɓa zama a ajin jami'a ba. Da labarin ya fita, mutane suka yi ta zuba nasu kuɗin a asusun saboda kunya da sha'awa. Da an ɓoye, kuɗinta kaɗai za a samu. Ta rasu a 1999, kuma har yanzu ana ba ɗalibai tallafin da sunanta.

Ma'aikacin Ƙungiya:
Ni taron bai dame ni ba, a yi ko a bari. Gidauniyar ce magana. Shekara 12 ina wannan aiki, na ga irin su Inna da yawa, kuma abin da ke ba ni tsoro kullum ɗaya ne: duk aikin a kan mutum ɗaya yake, a ƙwaƙwalwarta da ƙafarta. Ranar da ta faɗi, ya faɗi.

Rahoton da hukumar masu aikin sa kai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na aikin sa kai a duniya ba ta hannun wata ƙungiya yake bi ba, mutum ne ke taimakon mutum kai tsaye. Kuma mata ne ke ɗauke da kashi 57 na dukan aikin. Ma'ana mafi yawan alherin da ke riƙe da unguwanni ba shi da ofis, ba shi da asusu, ba shi da magaji.

Don haka mu yi rajista, mu buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, mu zaɓi shugabanni. Na ji tana da littattafan da take rubuta waɗanda take taimaka wa. A karɓo su a shigar a kwamfuta, mu san mutum nawa ne, me kowa yake buƙata. Da wannan za mu iya neman tallafi daga waje.

Nas Mai Ritaya:
Ɗana, tsaya nan. Littattafan nan kada wanda ya taɓa su.

Na yi shekara 33 a asibiti, na san abin da ke ciki ko ban buɗe ba, don wasu ta hannuna suka biyo. Akwai magidancin da ake gaishe shi da girma a titi, Inna ce ke sayen maganinsa, matarsa ma ba ta sani ba. Akwai mai cutar da in aka ji aurenta ya mutu. Akwai yarinyar da aka rufa wa asiri ta koma makaranta, yau tana gidan mijinta lafiya. Mutanen nan ba ƙungiya suka faɗa wa damuwarsu ba, Inna suka faɗa wa, don sun san daga bakinta ba ta fita. Ka shigar da su kwamfuta, shugabanni bakwai su gani, sakatare ya tura wa mai ba da tallafi, gobe magana ta zaga unguwa. Wanda ke jin yunwa zai gwammace ya kwana da ita da a san shi.

Kuɗin da ta kashe ba wani mai yawa ba ne, duk mun san samunta. Abin da take da shi da ba mu da shi, mutane sun yarda ta ga tsiraicinsu. Wannan ba a yi masa rajista.

Ma'aikacin Ƙungiya:
Na karɓi gyara a kan littattafan, Mama. Ban yi tunanin wannan ba. Amma tambayata tana nan: magidancin da kika ambata, wata ukun nan wa ke sayen maganinsa?

Nas Mai Ritaya:
Ban sani ba. Kuma tun da ka tambaya gabana ke faɗuwa.

Autar Inna:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Wata ce ta turo mini maganar nan ta ce in shigo. Na karanta tun daga farko, na gode da addu'o'inku. Zan faɗi abin da ke raina, in na yi kuskure ku yafe mini.

Ku Inna kuka sani, ni uwata na sani. Na tashi ina farkawa da asuba in tarar shimfiɗarta ba kowa, an zo an tafi da ita asibiti cikin dare. Yayata ce ke shirya ni makaranta tun ita ma ba ta wuce shekara 11 ba. Ɗakinmu bai taɓa zama namu mu kaɗai ba, kullum akwai wata da aka koro ko wata mai jego da ba ta da inda za ta. Shekarar da zan rubuta jarrabawar gama sakandare, kuɗin da ta tara mini ta ba wani yaro maraya, ta ce shi wannan ce damarsa ta ƙarshe, ni kuwa ina da baɗi. Na zauna shekara guda a gida ina kallon ƙawayena suna wucewa. Na yi kuka har na gaji. A lokacin in na ji ana yabon ta a waje, abin da ke zuwa raina shi ne inuwar giginya, na nesa ka sha.

Ba ina faɗa don in rage mata daraja ba. Na girma, na gane abubuwa da yawa, kuma ba ni da abin alfahari a duniya kamar a ce ni 'yarta ce. Marayan nan ma yana aiki yanzu, yana riƙe da ƙannensa huɗu. Amma alherin da kuke lissafawa ba ita kaɗai ta biya kuɗinsa ba, mu ma mun biya, kuma ba wanda ya tambaye mu.

Makon farko da ta kwanta, gidan nan ba masaka tsinke. Mako na uku aka fara raguwa. Yanzu sai a yi kwana huɗu ba wanda ya yi sallama. Yayyena suna nesa, suna turo abin da ya samu, Allah Ya saka musu. Ni na ajiye aikina. Rabona da barcin awa huɗu a jere tun ranar da aka sallamo mu. In zan yi mata wanka sai na jira wani ya shigo, don ba na iya ɗaga ta ni kaɗai, ranar da ba wanda ya shigo sai dai in goge mata jiki. Ba ta ƙorafi, amma duk lokacin da aka taɓa ƙofa sai ta juya ido, in ta ga iska ce sai ta mayar da kai.

Anti, na san don ƙauna kika kawo maganar taro. Amma kuɗin hayar kujeru da lasifika, da ranar da za ku ɓata, ku ba mu su ta wata hanya. Lambar yabo ba za ta juya ta a kan gado ba.

Ɗan Unguwa:
Haba 'yar'uwa. Uwa ce fa, kuma tana kwance. Maganar jarrabawa da sauransu ba ta fili ba ce, ki bar wa cikinki. Albarkarta kike ci.

Nas Mai Ritaya:
A'a, ka bar ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yarinyar da ta ajiye aikinta ta kwana a ƙasa wata uku gefen uwarta ba ita za a koya wa biyayya ba. Mu da muka sha inuwar, kunya ya kamata mu ji.

Ɗalibar Inna:
Ƙanwata, ki yafe mini. Shekara biyu ina zuwa gidanku karatu kullum da yamma, ina ganin ki kina wanke-wanke kina kallon mu, ban taɓa kawowa a raina cewa lokacinki muke ci ba. Jiya ma da na zo, minti 20 na yi na tafi ina kuka, ban ce kawo in kama miki ba. Na janye maganar taro.

Dattijon Unguwa:
Jikata, Allah Ya yi miki albarka. Ba ki faɗi abin da addini ya hana ba. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yana ciwo ya nemi ya yi wasiyya da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya nemi rabi ya hana, sai a sulusi ya yarda, ya ce sulusin ma da yawa, ka bar magadanka da wadata ya fi ka bar su suna roƙon mutane. Salmanu kuma ya ce wa Abu Darda'i iyalinka suna da haƙƙi a kanka, Annabi ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Ba ina ɗora wa Inna laifi ba. Da mu maza da ke da hali a lokacin mun ɗauki kuɗin marayan nan, da ba ta taɓa naki ba. Mun ga akwai mai yi, sai muka naɗe hannu. Laifin a nan yake.

Ni da na yi ta dogon bayani a sama a kan ɓoye sadaka, sau ɗaya na je duba ta, a makon farko. Tun ɗazu wani hadisi ke yawo a kaina, yana cikin Bukhari da Muslim. Wata baƙar mata da ke share masallaci ta rasu, sahabbai suka binne ta ba su sanar da Annabi ba, kamar sun ƙanƙanta al'amarinta. Shi ya lura ba ya ganin ta, ya tambaya, aka ce ta rasu. Ya ce me ya sa ba ku sanar da ni ba, ku nuna mini kabarinta. Ya je ya yi mata salla. Abin da ya tsaya mini shi ne ya lura da rashinta. Tamu tana raye, gidanta bai fi taku ɗari da nawa ba, kuma ban lura ba.

Malamin Lissafi:
Tun da Auta ta yi magana na tuna wani ɓangare na labarin matar Amurkan nan da na tsallake, kuma yanzu na ga ya fi wanda na faɗa muhimmanci. Ba duka ta ba jami'a ba. Ma'aikacin bankin ya jera mata kwabbai 10 a kan tebur ya ce ta raba yadda take so. Ta ware ɗaya wa majami'arta, uku wa 'yan'uwanta, shida wa jami'a. Kuma an tsara abin yadda za a ci gaba da kula da ita har ƙarshen ranta. Wato ta samu wanda ya zauna da ita ya ce to ke fa, naki fa? Inna ba ta samu wannan daga gare mu ba. Kullum da buƙatarmu muke zuwa.

Amma ina nan a kan cewa labarinta bai kamata ya ɓace ba. Ko ba taro, wata rana a rubuta shi, da izininta da na 'ya'yanta.

Ɗalibar Tarihi:
Ina so in koma kan tambayar Yaya Ma'aikacin Ƙungiya, don gaskiya ce, ba a amsa ta ba. Tsakanin mutum ɗaya da ƙungiya mai ofis akwai hanya ta uku, kuma tsohuwa ce.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793, da ta ga matan ƙauyuka ba za su iya zuwa wurinta duka ba, sai ta zaɓi dattawan mata amintattu ta koyar da su. Ana kiran kowace jaji. Takan naɗa wa kowace malfa alamar an ba ta amana, su koma garuruwansu su koyar, su dawo da tawagar mata su ƙaro ilimi. Su ake kira 'Yan Taru. Kuma ba karatu kaɗai ba ne, har da kula da marasa lafiya da sasanta mutane. Ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba, abin bai mutu da ita ba, don tun tana raye ta raba shi a hannuwa da yawa.

A Somaliya kuma akwai Dakta Hawa Abdi. A 1983 ta buɗe ɗakin shan magani mai ɗaki ɗaya a gonar gidansu kusa da Afgooye. Da yaƙi ya ɓarke a 1991 mutane suka yi ta kwarara wurin, har aka kai kusan mutum 90,000 suna zaune a filin. 'Ya'yanta mata biyu suka zama likitoci suka kama mata, da ta rasu a 2020 akwai masu riƙewa.

Maƙwabciya:
To ai shi ke nan, Auta ce magajiya. In Inna ta samu sauƙi sai ta ɗora daga inda ta tsaya, mu kuma mu taya ta.

Ɗalibar Tarihi:
A'a Anti, ba nufina ke nan ba, misalin farko na fi so a duba. Auta ta riga ta biya nata. In muka sake ɗora wa mutum ɗaya, nan da shekara 40 wata yarinya za ta zo ta rubuta irin abin da ta rubuta yau.

Mai Motar Haya:
Ku tsaya, maganar nan ta tuna mini wani abu. Inna ba ta taɓa tuƙa mota ba, ni ta sa. Ba ta san allura ba, Mama Nas take kira. Malam, ba kai ne take tura wa yara masu jarrabawa kana koya musu kyauta ba?

Malamin Lissafi:
Ni ne. Shekara tara. Ta zo har gida ta ce tana neman aron kaina ranar Asabar.

Ɗalibar Inna:
Ni kuma da na iya karatu ta ce in riƙa zuwa ina karanta wa tsofaffi takardar magani, wanda za a sha safe da wanda za a sha dare. Na ɗauka aike ne kawai.

Mai Motar Haya:
To kun gani. Ta riga ta raba mana aikin tuntuni. Kowa na da nasa a hannu. Ita ce dai mai buga waya, da wayar ta daina ƙara sai kowa ya zauna. Ni wata ukun nan ba wanda ya tashe ni da dare, har na ce ko an daina haihuwa cikin dare a unguwar nan. Ashe ba su san wa za su kira ba. Don Allah duk wanda ke nan ya ba maƙwabtansa lambata, na yarda.

Ma'aikacin Ƙungiya:
Wannan ya fi abin da na kawo, na yarda. Amma ina roƙon abu ɗaya kada a yar: kuɗi. Magani da kuɗin makaranta ba sa jiran niyya. Ko ba rajista yanzu, a samu mutum biyu masu riƙe abin da aka tara, a rubuta shiga da fita, a faɗa a nan duk wata ba tare da sunan wanda aka ba ba. In ba haka ba, wata shida za a fara zargin juna, na ga inda hakan ya raba mutanen kirki. Kuma kason farko na jinyar Inna ne da abin da Auta ta rasa na albashinta. Maganar gidauniya mu ajiye ta, in mun shekara muna yi ba mu gaji ba sai mu sake dubawa.

Dattijon Unguwa:
Wannan daidai ne. Ni da Malam za mu riƙe, in jama'a sun amince.

Nas Mai Ritaya:
Na amince. Yanzu ga abin da jinyar ke buƙata, don kada a cika ɗaki da 'yan sannu a tafi.

Mai irin wannan ciwo ana juya shi kamar duk awa biyu, in ba haka ba fatar baya da ƙugu da dunduniya ta mutu ta zama gyambo, shi kuma gyambon kwanciya ya fi ciwon wuyar magani. Ana motsa mata hannu da ƙafar kullum a hankali yadda likitan gashin ƙashi ya nuna, kada gaɓoɓin su sandare, kuma kada a ja ta ta hannun da ya shanye wajen ɗagawa, kafaɗa na iya gocewa. A zaunar da ita sosai kafin a ba ta abinci ko ruwa saboda sarƙewa. Maganin hawan jini ba a tsallake shi ko ta ce ta ji daɗi. Ku yi mata hira, ku ba ta lokaci ta amsa, kada ku ƙarasa mata magana. Watannin farkon nan su ne jiki ya fi karɓar gyara, kada mu bari su wuce.

Ina son mata biyu kowace rana, ɗaya safe ɗaya yamma, da mai kwana sau uku a mako don Auta ta yi barci. Zan zo gobe in nuna wa duk wadda ta sa sunanta yadda ake juyi da ɗagawa. Wadda ta san ba za ta ɗore ba ta ɗauki rana ɗaya a wata, ya fi ta ɗauki kullum ta ɓace.

Ɗalibar Inna:
Litinin da Alhamis da safe nawa ne.

Maƙwabciya:
Kwanan Juma'a. Kuma Auta, ki kawo wankin gidana, kar ki ji nauyi.

Ɗan Unguwa:
Na yi magana da garaje ɗazu, 'yar'uwa ki yi haƙuri. Matata ta ce a sa ta Talata. Ni kuma ranar komawa asibiti ku kira ni in kama a sa ta a mota.

Autar Inna:
Ba komai Yaya, Allah Ya yafe mana duka.

Na karanta mata abin da kuka rubuta, ban da nawa. Da na zo maganar taro ta girgiza kai. Da na zo wurin da Kawu mai mota ya ce a ba da lambarsa, ta yi murmushi da gefen bakinta mai motsi, rabon da in ga haka tun kafin ta kwanta.

Sai ta yi ta nuna akwatin ƙarƙashin gado da hannun hagu. Na jawo, littattafan ne, guda 11. Ta sa na ɗauko na ƙarshe, ta daɗe tana ƙoƙarin magana kafin na gane sunan Mama Nas take kira. Na ce in ba ta? Ta ɗaga kai. Na ce sauran fa? Ta dafe su da hannu. Don haka sauran suna nan inda suke.

Mama, ta buɗe wani shafi ta ɗora yatsa a kai ta ƙi ɗagawa, tana ta cewa "wata, wata". Ban karanta sunan ba, na rufe. Ina jin magidancin nan ne da take saya wa magani.

Nas Mai Ritaya:
Ba sai gobe ba. Ki ce mata ga ni nan zuwa bayan magariba.

Mai Motar Haya:
Mama ki jira ni a ƙofa, zan biyo in ɗauke ki.